Bursu da Bautar Ƙasa: Bashin da ke Tsakanin Yamai da Kurfai

A watan Afrilun 2023 wani ɗan Majalisar Wakilan Najeriya daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kai ƙudurin dokar da ya ta da ƙura. Abin da ya nema shi ne duk wanda ya karanta aikin likita a Najeriya kada a ba shi cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasar aiki na shekara 5. Hujjarsa a fili take. Dukiyar jama'a ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin karatun, amma da zarar yaro ya karɓi takardarsa sai ya nufi Ingila ko Saudiyya ko Kanada. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca, ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce abin ba zai yiwu ba. Majalisar ta kammala wa'adinta bai zama doka ba.

Ƙudurin ya kwanta, amma tambayar da ya tayar tana nan, kuma ta fi shafar Filinge ta Nijar fiye da Legas. Wanda aka karantar da kuɗin talakawa, talakawan suna bin sa bashi? Ni dai amsata ita ce e, suna bin sa. Inda nake da magana shi ne a kan wanda ake kamawa ya biya, da yadda ake karɓa, da kuma bashin da ita gwamnati ke mantawa ana bin ta.

A Nijar ba baƙon abu ba ne a ɗaura karatu da aiki. Tun zamanin Faransawa, ɗaliban makarantar William Ponty ta Senegal, inda su Diori Hamani da Boubou Hama suka yi karatu, sai sun sa hannu a kan za su yi wa gwamnati aiki shekara 10. A yau muna da abubuwa biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Hukumar ANAB ce ke raba bursu da tallafi ga ɗalibai. Wanda ya gama babbar makaranta kuwa yana da bautar ƙasa ta shekara 2, wadda mutane ke ce wa sarbis sibik, kuma takardar shaidarta tana cikin abin da ake tambaya in mutum na neman aikin gwamnati. Saboda haka duk ranar da aka zauna sake duba waɗannan dokoki, a wannan zamani da kowace magana ta koma ta sake gina ƙasa, za a sami wanda zai miƙe ya ce a ɗaure su da igiya ɗaya: ka ci bursu, to sai ka je inda aka tura ka, in ka ƙi ka mayar da kuɗi. Zan goyi bayansa, amma sai ya saurari abin da ke tafe.

Mu fara da wanda ke biya. Daga Yamai zuwa Filinge wajen kilomita 180 ne, tafiyar rabin yini ko ƙasa da haka. Manomin gero na Shikal, da mai noman dankali a fadamar Bonkuku, da makiyayin da ke kora shanu a Dallol Bosso, duk suna biyan haraji da kuɗin kasuwa, suna biyan kwastan a ɓoye cikin farashin sukari da man fetur da taki. Arzikin uraniyom na Arlit da man Agadem ma nasu ne kamar yadda yake na kowane ɗan ƙasa. Daga wannan asusu ake fitar da bursu. Amma 'ya'yansu nawa ne ke kaiwa inda ake raba shi? Yaro sai ya gama firamare, ya sami kolej, ya sami gidan da zai riƙe shi a gari in ƙauyensu babu, ya ci BEPC, ya jure wa lise, ya ci bak. A kowane mataki 'yan ƙauye zubewa suke yi, mata tun da wuri, maza kuma cin rani ya ɗauke su zuwa Najeriya ko Kwatano ko Libiya. Kuɗin yana fita daga karkara ya taru a birni, ya karantar da 'ya'yan waɗanda da ma suna kusa da makaranta. In ba a mayar wa karkara da komai ba, an ci amanarta. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ban ga ɗalibin da zai iya kauce mata da gaskiya ba.

Abin da ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge, ke nema ba mai wuyar faɗi ba ne. Malamin lissafi da na kimiyya da zai kai ƙarshen shekara a kolejin da aka kai shi. Ungozoma da za a tarar a asibitin karkara da tsakar dare. Likitan dabbobi, a yankin da ke da tashar Tukunus, wadda tun zamanin Turawa aka san ta da kiwon shanun Azawak. Masanin ruwa da noman rani, tunda ruwan dallol ba shi da nisa a ƙasa. Duk waɗannan akwai su a Nijar, da takardunsu, wasu ma zaune suke ba aiki a unguwannin Yamai.

To me ya hana bautar ƙasar da muke da ita cike wannan giɓi? Kowa ya san yadda ake yi. In lokacin rabon wurare ya zo, ɗan wane yakan sami kujera a wata ma'aikata cikin Yamai, ya riƙa leƙawa yana sa hannu har shekara biyun su cika. Wanda bai san kowa ba shi ake turawa ƙauye, a miƙa masa alli a ce ya koyar da abin da ba a taɓa koya masa yadda ake koyarwa ba. Ya iso babu ɗakin kwana, alawus ɗinsa ya makale, idonsa na kan hanyar komawa. Ɗaliban da ke gabansa sun gane haka tun makon farko. Kafin ya san sunayensu wa'adinsa ya ƙare, a kawo wani sabo, ko kuma a bar ajin haka nan.

Yanzu a ce an ƙara da cewa wanda ya ci bursu shi ne zai ɗauki wannan nauyi. Wa ke neman bursu ido rufe? Ɗan talaka. Ɗan mai hali ubansa zai biya masa makarantar kuɗi, ko ya kai shi Maroko ko Turkiyya ko Faransa, ya dawo ba wanda ke bin sa ko dala. In kuma an sa tara ga wanda ya karya alkawari, mai kuɗi zai biya ya wuce. Ƙasar Tailan ta ga haka da idonta. Tun farkon shekarun 1970 take tilasta wa sababbin likitoci aikin gwamnati na shekara 3, da tarar baht 400,000 ga wanda ya ƙi. Da shekaru suka ja, darajar tarar ta zube, ta zama kuɗin fansar kai kawai ga wanda asibitin kuɗi ke jira. A Amurka kuma an ga ɗaya fuskar. A 2007 suka kafa wani tallafi mai suna TEACH, har dala 4,000 a shekara ga mai karatun malanta, da sharaɗin ya koyar shekara 4 a makarantun marasa galihu, in ya kasa tallafin ya rikiɗe ya zama rance da kuɗin ruwa. Binciken da ma'aikatar iliminsu ta fitar a 2018 ya nuna kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka duba tallafinsu ya koma bashi, kuma daga baya ta fito cewa da yawa suna cikin aji suna koyarwa, takardar shaidar shekara ce kawai ta makara ko aka cika ta ba daidai ba. In ƙasar da ke da kwamfuta a kowane ofis ta yi wa malamanta haka, mu yi tunanin malamin da ke Sanam, wanda takardarsa sai ta bi hannu biyar kafin ta kai Yamai.

Mutanen Kurfai sun san aikin da ake sa mutum dole. A wajajen 1925, daga yankin Shikal ne motsin nan na Babule ya ɓullo, ƙarƙashin wata mata mai suna Shibo, kuma masana tarihi da dama suna kallonsa a matsayin bijirewar talakawa ga mulkin Faransawa da harajinsu da aikin tilas. An kama su, an ɗaure, an kori wasu daga ƙasar. Aikin tilas bai kau ba sai da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta fito a Afrilun 1946. Amma mutanen nan da suka ƙi aikin tilas su ne kuma ba su taɓa ƙin gayya ba, kuma yankin Filinge ya ba ƙasar nan sojoji da ma'aikata ba adadi, har da Seyni Kountché na Fandu, wanda ya raya samariya ya sa matasa aikin gari. A gayya, mai gona shi ke fara hidima. Ya tanadi fura da tuwo da goro kafin a shigo masa gona, kuma ran da aka kira ta wani shi ma ya ɗauki haiwarsa ya je. In ya tara mutane ya bar su da yunwa, baɗi ba wanda zai amsa kiransa, kuma ba mai ganin laifinsu. Gwamnati ce mai gona a wannan magana.

To ta tanadi abin da ya kamata? Tarihin bursu a Nijar tarihi ne na jira. Shekara da shekaru ɗalibai suna fita titi a kan kuɗin da ya makale wata da watanni. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 an kashe ɗalibai 3 a gadar Kennedy ta Yamai, ranar 10 ga Afrilun 2017 aka rasa ɗalibi Mala Bagalé a jami'ar Abdou Moumouni, kuma a duka biyun halin da karatu ke ciki ne ya fitar da su. Ga malaman kwantaragi, waɗanda aka fara ɗauka a ƙarshen shekarun 1990 da sunan 'yan sa-kai don a rage kuɗin albashi, har suka zama su ne mafi yawan masu koyarwa a firamare. Yajin aikinsu a kan albashin da bai zo ba ya zama abin da iyaye ke lissafawa cikin shekarar karatu. A 2017 aka yi musu jarrabawa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kai matsakaicin maki, aka yi ta yi musu dariya a gari. Ni ban ga abin dariya ba. An ɗauki mutum ba horo, an biya shi abin da bai kai ya riƙe gida ba, sannan aka juyo ana mamakin sakamako. Ina tsoron kada dokar ɗaure bursu da aiki ta zama wata sabuwar hanyar samun ma'aikata masu arha, a cike aji da mutum a rubuta a rahoto cewa an sami malami.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi a jihar Tilaberi. A shekarun 2022 da 2023 makarantu fiye da 800 ne aka ƙidaya a rufe a jihar saboda rashin tsaro, dubban yara suna zaune a gida ko a garuruwan da suka yi gudun hijira. A Maris 2021 an kashe mutum 58 a yankin Banibangu, akasarinsu a hanyar dawowa daga kasuwa. A Janairun 2020 aka hana hawa babur a sassa da dama, alhali babur ne ƙafar malami da ta ma'aikacin lafiya. Masu ɗauke da makamai sun sa makarantar boko a gaba, kuma malami baƙo, wanda ba ya jin harshen gari, ba shi da dangi a ciki, shi ne na farko da ido ke faɗawa kansa. Babu bursun da ya kai ran mutum. Duk dokar da za ta ce wa yarinya 'yar shekara 24 ko ki je ƙauyen da hukuma da kanta ba ta kwana, ko ki biya miliyoyi, doka ce ta zalunci ko da an rubuta ta da kyakkyawar niyya. Ya zama a rubuce cewa ba a tura ɗan bautar ƙasa inda aka kasa tsare shi, kuma wanda ya yi aikinsa a cibiyoyin da aka tara yaran da suka gudo, a Filinge ko Abala ko Baleyara, ya sauke nauyinsa cikakke.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a juya tsarin. Maimakon a kamo ɗan birni a tura shi Kurfai yana kuka, a ɗauki ɗan Kurfai tun yana gama kolej, a riƙe shi har ya gama, da alkawarin zai dawo gida. Tailan da kanta nan ta koma. A tsakiyar shekarun 1990 ta fara ɗaukar ɗaliban likita daga karkara tana horar da su a asibitocin larduna, a 2005 ta ƙara da shirin kowace gunduma da likitanta, inda ake ɗaukar nauyin yaro gaba ɗaya shi kuma ya yi aiki shekara 12 a yankinsu. Waɗanda suka fito ta wannan hanya sun fi sauran zama a karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2010 kan riƙe ma'aikatan lafiya a ƙauyuka, ta sa ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara cikin abubuwan da ta fi ƙarfafawa. Kusa da mu, daga 2012 an yi wani shiri a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda gari ke zaɓen 'yarsa, a ba ta shekarar share fage ta gyara darussan kimiyyar da suka kayar da ita, ta shiga makarantar ungozoma ko ta jinya, da yarjejeniyar za ta koma yi wa garinsu aiki. An zauna da iyaye da mazaje da masu gari kafin a ɗauke ta. Hausawa ne irinmu, da al'ada irin tamu, kuma matan sun je sun dawo.

A gundumar Filinge wannan yana da wata fa'ida ta daban. Kurfayawa Hausa suke yi, Tondikandiya Zabarmanci, Imanan akwai Buzaye, ga Fulani ko'ina. Matar da naƙuda ta zo wa da gardama ba ta da lokacin neman tafinta. Ungozomar da ta tashi a Damana ta san yadda za ta yi wa tsohuwar gida magana har ta yarda a kai mai ciki asibiti. Malamin da uwarsa ke Shikal yana da inda zai kwana, yana da gonar da zai leƙa da damina, kuma in wani abu na shirin faruwa akwai mai raɗa masa. Sannan kunyar idon gari ta fi kowace tara aiki. Wanda ya san mutanen garinsu ne suka tsaya masa, da wuya ya tsallake ya bar su.

A aikace, ina so a ware wani kaso na bursu ga kowace gunduma gwargwadon ƙarancin ma'aikatanta, a fannonin da ita ta ce tana bukata. Wannan bursu ya fi na kowa kauri, ya haɗa da masauki da kuɗin mota da littattafai, kuma ya fara tun daga lise. Kowa ya shiga da son ransa, wanda bai so ya nemi bursun gama-gari. Shekarun aiki su yi daidai da shekarun da aka riƙe mutum, kada su wuce. Jami'ar Tilaberi, wadda aka kafa a 2014, da makarantun horar da malamai da na lafiya su ware musu gurabe. Magajin gari da sarki da ƙungiyar iyayen yara su sa hannu tare da ɗalibin, su kuma ɗauki alkawarin ɗaki da ruwa. Abin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne sharaɗin da zai kama gwamnati. In bursu ya makale fiye da wata 3, a rage wa ɗalibi wa'adin aikinsa. In ya gama karatu aka shekara ba a ba shi wurin aiki ba, ya fita daga alkawari. In ya cika wa'adinsa, a ɗauke shi cikakken ma'aikaci ba tare da ya sake bin layi ba, kuma shekarun da ya yi a ƙauye su shiga lissafin ƙarin girma da na zurfafa karatu.

Na san za a ce wannan tauye ɗan ƙauye ne. Don me ɗan Filinge zai koma Filinge, ɗan unguwar Filato ta Yamai kuma ya zaɓi duniya? Magana ce mai nauyi, kuma dalilinta ne ya sa na ce a bar ƙofa biyu a buɗe, kuma a sa wa alkawarin iyaka. Yaron da ya yi shekara 5 yana koyar da lissafi a garinsu bai kai 30 ba zai fita, da aiki a hannu da sanin ƙasa da babu ofishin da zai koya masa. Ba a rufe masa Yamai ba, ba a rufe masa waje ba. Abin da ya rage kuma shi ne bautar ƙasa ta gama-gari ta hau kan kowa da gaske, wanda ya ci bursu da wanda ubansa ya biya masa, tunda shi ma ɗan mai halin a firamaren ƙasar nan ya fara, a kan titinta yake tafiya, kuma 'ya'yan talakawa ne ke tsaron iyakar da ta sa yake barci.

'Yan asalin Kurfai da ke Yamai, manyan ma'aikata da hafsoshi da 'yan kasuwa, ba sai sun jira doka ba. Suna haɗuwa a biki da ta'aziyya, suna tara kuɗin gina masallaci da haƙa rijiya, Allah ya saka musu. Riƙe yara 10 daga kolejojin yankin har su zama ungozomomi da malaman kimiyya bai fi ƙarfinsu ba, kuma in sun fara gwamnati za ta ga abin koyi a gabanta.

Ita kuma gwamnati akwai abin da za ta iya yi tun bana ba tare da ta kashe ko jika ɗaya ba. Ta buga jerin 'yan bautar ƙasa na kowace shekara, da fannin kowa da inda aka tura shi, a liƙa a ƙofar kowace gunduma, a karanta a gidajen rediyon gari. Mutanen Filinge su san nawa aka rubuta an aiko musu, su ƙidaya nawa suka iso, su kuma tambayi inda sauran suke.